Ragar da Ba Ta Shiga Ƙasa Ba

Gwaggona tela ce, da keken ɗinki ta riƙe gidanta tun lokacin da ciwon sukari ya cinye idanun mijinta. Dā direban babbar mota ne, mutumin da bai saba zama wuri ɗaya ba. Da ya makance sai ya koma kwanciya a ɗaki, ba ya magana sai an tambaye shi. Wannan shirun ya fi komai tsorata ta.

Tana da kaji a bayan gida, shirwa kuwa ta sa su a gaba, kullum sai ta sure ɗan tsako. Sai Gwaggo ta yanke shawarar kewaye musu fili da raga a jikin akurkin, a rufe har sama. Amma akwai abin da ba ta gaya wa kowa ba: so take wurin ya yi tsayin da mutum zai shiga a tsaye, a ajiye kujera, mijinta ya riƙa zama yana watsa musu dusa.

Ta daɗe tana lissafi. Da tef ɗin awon kaya ta auna filin, ta zaga kasuwa tana tambayar kuɗin katako da ƙusa da raga. Kafintan da ta kira ya ce dole a haƙa rami a binne gindin ragar, a bi da siminti, in ba haka ba komai na iya kutsowa ta ƙasa. Abin da ke hannunta ba zai ɗauki tsayi da simintin gaba ɗaya ba. Ta zaɓi tsayi, ta ce siminti sai ta samu ɗinki mai kauri. Aka jera duwatsu a gindin ragar aka tashi.

Dabarar ta yi aiki. Mijin ya soma fitowa da safe, yana lalube da sanda har kujerarsa. Ya san kowace kaza da muryarta, har ya raɗa wa wata mai faɗa suna Kwandasta. Gwaggo takan jiyo dariyarsa daga kan keke.

Wata ranar da rana tsaka, tana cikin ɗinki, ta ji kajin sun ɓarke da kyarkyara, sannan suka yi tsit. Ta leƙa ta taga. Duk sun cure a kusurwa ɗaya. Mijinta na zaune da kwanon dusa a cinya, wani baƙin maciji mai kaurin damtse kuma ya shigo ta tsakanin duwatsun, yana jan ciki a hankali zuwa wajen kujerar. Kwandon ƙwai yana ƙarƙashinta.

Gwaggo ta miƙe a hankali. Ta san in ta yi ihu zai zabura, in ya zabura kuwa an gama. Ta taka ba takalmi har bakin ragar, ta yi magana da muryar da take kiransa cin abinci.

“Malam, kada ka motsa. Ko yatsa.”

“Mene ne?”

“Zan gaya maka. Ka dai zauna yadda kake, don Allah.”

A lokacin ne ya ji sanyin abin a kan ƙafarsa. Gwaggo na kallo macijin ya bi ta kan silifas ɗinsa, jikinsa na wucewa kamar ba zai ƙare ba. Gumi ya jiƙa rigar mijin, kwanon ya karkata a cinyarsa, dusa na zuba kaɗan-kaɗan. Macijin ya ɗago kai ya tsaya. Ita dai sunan Allah take ja a zuci, ta riƙe ragar har wayar ta yanke mata tafin hannu ba ta sani ba.

Can macijin ya sauke kai, ya shige ƙarƙashin kujerar, ya haɗiye ƙwai, ya juya ya fice ta inda ya shigo. Sai da wutsiyarsa ta ɓace ta buɗe ƙofar ta jawo mijinta waje. Maƙwabta suka zo da sanduna, suka birkice duwatsu da ciyawar bayan katanga, ba a gan shi ba.

Washegari ta sayar da rabin kajin, aka haƙa ramin aka zuba siminti. Mijin ya yi makonni bai taka bayan gida ba, ita ma ba ta matsa masa ba. Ranar da ya koma, da kansa ya nemi takalmin roba mai tsayi har gwiwa.

Yanzu ta dawo da keken ɗinkinta bakin tagar baya. Masu kawo ɗinki suna ƙorafin aikinta ya rage sauri, don ba ta gama layi ɗaya ba ta ɗaga kai ta duba gindin ragar ba.