Gaisuwar da Ta Cinye Min Intanet

Shekarar da na samu tafiya ƙaro karatun jinya a ƙasar waje, ruwa ya raba ni da Inna. Ina aiki a Haɗeja, ita tana ƙauyenmu a bayan Guri. Kachalla, ciyawar nan mai toshe hanyar kogi, ta juyo da ruwan damina kan titi, mota ta daina shiga, masu kwalekwale ma suka ce sai ya lafa. Jirgin sama kuwa ba ruwansa da wannan. Haka na wuce Kano ban yi mata sallama ba, abin da ba a taɓa yi a gidanmu ba. Ko garin Malam Madori nan kusa za ka je ka kwana, sai ka durƙusa ta sa maka albarka.

Ƙaramar wayarta ta mutu tun da ruwa ya cinye shagon mai caji. Dabara ɗaya ta rage mini. Akwai wata malamar firamare a ƙauyen, 'yar Filato, Kirista, wadda ta daɗe da zama 'yar gida a wurinmu. Ita ke da babbar waya da ɗan faifan sola. Na tura mata saƙo, amsa ba ta zo ba sai da muka kusa tashi: washegari da hantsi za ta kai Inna kan jingar da aka yi don tare ruwa, nan kaɗai sabis ke kamawa.

Hantsin ya same ni a wani filin jirgi na ƙasar da za mu canza jirgi. Layina ya mutu murus. Na ga rubutu a bango cewa akwai intanet kyauta, na yi hamdala. Ashe kyautar ta ɗan lokaci ce, daga nan sai ka sa katin banki. Na ce ai ya ishe ni, albarka ba ta da tsawo.

Na manta da halin mutanenmu. Na yi kiran bidiyo, Malama ta ɗauka, sai na ga rabin ƙauyen a kan jinga, ruwa yana sheƙi a bayansu. Kawu, yayan Inna, shi ya fara karɓa, don shi ne babba.

"Ina gajiya? Ya hanya? Ya baƙunta? An yi sallah dai ko? To madalla. Ina gajiya?"

Na amsa duka, ina kallon lokaci yana zurarewa a saman wayar. Daga shi sai Goggo, wadda ta so sanin ko a can ma ana ruwa. Daga ita sai liman, sai mai unguwa. Ina hango gefen mayafin Inna can baya, ta juya kai kamar ba da 'yarta ake magana ba. Ni ce 'yar fari, kunyata take ji. Tun da na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba, "ke" ce ko "waccan". Ba za ta taɓa riga kowa karɓar waya don ni ba. Mai unguwa yana tsakiyar tambayar lafiyar abokan tafiyata hoton ya daskare.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na sa katina, aka ƙi shi. Na sake, aka sake ƙi. Na bi kujeru ina roƙon mutane su ɗan jona ni da nasu, wani ya girgiza kai, wata ta ja jakarta kusa da ita. Ban ji kunya ba, na riga na ƙudurta ba zan hau jirgin nan ba sai na ji muryarta. Wata mai shara ce ta nuna mini wani shagon shayi, ta kwatanta da hannu cewa in ka saya suna ba ka lambar sirrin intanet ɗinsu. Na ciro kuɗin da na ware na mota in na sauka, na sayi ɗan kofi ɗaya. Kuɗinsa zai yi wa gidanmu cefane, kuma ko kurɓa ban yi ba.

Kafin in gama shigar da lambar aka fara kiran jirginmu. Na kira, Kawu ya sake ɗauka da fara'arsa.

"Yauwa, ɗazu ya katse. Ina gajiya?"

"Kawu, don Allah ba Inna wayar."

Ban taɓa katse babba ba sai ranar, har yau kuma Kawu yana faɗa wa mutane cewa jirgi ya ɓata ni. Malama ce ta zare wayar daga hannunsa, ta ce, "Baba, yi haƙuri," ta danƙa wa Inna.

Inna ba ta kalli wayar ba. Ta riƙe ta a karkace, goshinta da sararin sama kawai nake gani. Na ce, "Inna, zan wuce, ki yafe mini, ki sa mini albarka." Sai sautin ya ɗauke. Ina ganin bakinta yana motsi, ba na jin komai. Layin masu shiga jirgi ya kusa ƙarewa, ma'aikaciyar ƙofa tana yafito ni. Na tsaya cak a bakin shagon, don na san taku kaɗan zai raba ni da sabis ɗin.

Da sautin ya dawo, ita ba ta sani ba. Ta zaci na tafi. Ta matso da wayar daf da fuskarta, a gaban yayanta da liman da kowa, ta kira sunana da ƙarfi, ta sake kira.

"Na'am, Inna, ina jin ki."

"To je ki. Na yafe miki duniya da lahira. Allah ya tsare."

Ni ce ta ƙarshe da ta shiga jirgin, ina kuka ina gudu. Da muka sauka ba ni da kuɗin mota, na ja akwatina a ƙasa har masauki, ban ji nisan ba.