Ƙwayar Wake Uku a Filin Koci Hayasin

A Malumfashi, in ka tambayi wane ne Hyacinth Ezenwa, sai mutane su ɗan yi jim suna tunani. Amma ka ce Koci Hayasin, kowa na da abin faɗa. 'Yan acaɓa na bakin tasha za su ce, "Dogon nan mai tsintsiya? Ai ko hakimi bai isa ya taka masa fili da takalmi mai laka ba." Shafa'atu mai awara, wadda ta fi shekara ashirin tana suya a gindin dalbejiyar da ke bakin filin ƙwallon kwando, cewa take, "Ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba. Ban kuma taɓa kama shi da ƙarya ba." Akwai kuma waɗanda, shekara goma sha ɗaya cur, in an ambace shi sai su taɓe baki su ce, "Wanda ya karya 'yar Buba?" Saboda waɗannan na ƙarshe ne wannan jinjina ta zama dole.

Kullum ana saukowa daga la'asar za ka gan shi a kan tsohon babur ɗinsa, gwiwoyi sun kusa taɓa haɓa, ragar ƙwallaye a baya, tsintsiya biyu ɗaure a gefe. Ba ya busa usur sai ya share filin da hannunsa. In ya gama, sai ya tuɓe takalmi ya taka shi ba takalmi daga wannan kwando zuwa wancan, a hankali, kamar mai neman allura. Ya ce ido na iya ruɗar mutum, tafin ƙafa ba ya yi.

A garin nan aka haife shi. Mahaifinsa kayan keke yake sayarwa a kasuwa, mahaifiyarsa, Mama Nwamaka, garin kwaki. Yana ɗan shekara sha shida ya fi ƙofar ajinsu tsawo. Ƙwallon kwando ta kai shi Kano, ta kai shi Legas, ta ƙetare da shi Kwatano da Abijan, shekara goma sha huɗu yana cin abinci da ita. Waɗanda suka gan shi a lokacin sun ce in ya miƙa hannu a ƙarƙashin kwando, sai dai abokan hamayya su koma su sake shawara. Da kafaɗa ta fara ciwo, ƙungiyoyi biyu suka nemi ya zauna ya horar musu. Ya ce gida zai koma. Wani abokin wasansa ya ce, "To Allah ya kai ka Enugu lafiya." Ya ce, "Wa ya ce maka Enugu? Malumfashi."

Filin da ya tarar na tsohon kamfanin gurzar auduga ne, an yi wa ma'aikata shi tun zamanin da auduga ke da daraja. Kamfani ya mutu, fili ya rage. To duk unguwar babu shimfiɗar siminti mai faɗinsa, kuma duk wanda ya san ƙasar nan ya san abin da manomi ke yi da siminti in kaka ta yi: shanya. Masara, shinkafa, barkono, har a kan ƙarfen kwando an taɓa rataye kuɓewa.

Koci bai kori kowa ba. Ya je gaban Mai Unguwa Sanda aka yi yarjejeniya. Daga hantsi zuwa la'asar fili na manoma ne, daga la'asar zuwa magariba na 'yan wasa. Sharaɗi ɗaya ya kafa: ban da waken suya. Masara in ka taka ta takan fashe, shinkafa ta kwanta. Waken suya kuwa mulmulalle ne, mai tauri, gangarawa yake a ƙarƙashin takalmi. Manoma suka yi dariya suka ce sun ji. Cikin masu dariyar har da Malam Buba, mai gona a hanyar Ƙarfi, wanda 'yarsa Zaituna ce kyaftin ɗin 'yan mata.

Zaituna kuwa ba a taɓa yin irinta a filin ba. Shekararta sha bakwai, doguwa, ba ta da yawan magana, in ta yi tsalle sai ka rantse ta manta da saukowa. Wata Talata cikin watan Oktoba, Koci ya tafi Funtua karɓo takardar da wata ƙungiya ta Kano ta aiko tana gayyatarta gwaji. A dawowa taya ta yi faci bayan Bakori. Ya iso a makare, 'yan mata sun riga sun fara, ba wanda ya taka filin da tafin ƙafa. Bai ma kashe babur ba ya ga Zaituna ta tashi sama, ta sauko, ƙafar dama ta zame, gwiwa ta juya inda gwiwa ba ta juyawa.

Aka yi kanta. Malam Buba, da ke ɗaure buhuna a kan amalanke can gefe, ya sheƙo a guje. Shafa'atu ta ce ita kam ba yarinyar take kallo ba, Koci take kallo. Ta ga ya durƙusa inda ƙafar ta zame, ya shafa siminti, ya tsinci wani abu. Ƙwayar waken suya uku. Ya ɗaga kai, suka haɗa ido da Buba. Sai ya watsa su a baki, ɗanye, ya taune, ya haɗiye.

Ashe kwana biyu hadari ke haɗuwa, waken Buba bai gama bushewa ba, yana tsoron ya yi fumfuna. Ya ji Koci ba ya gari, ya ce bari ya shanya na 'yan awoyi a kusurwa ɗaya, ya share kafin la'asar. Ya kuwa share. Ƙwaya uku suka tsira.

Likita ya ce jijiyar gwiwa ta tsinke, za ta yi tafiya, ba za ta sake tsalle ba. Takardar Kano ta zauna a aljihun Koci.

Bayan kwana uku Buba ya kai ƙara wurin mai unguwa. A gaban jama'a ya ce, "Baƙo ya zo ya tara mana 'ya'ya mata yana sa su tsalle kamar awaki, ga shi ya karya mini tawa."

Koci ya ce, "Malam Buba, a bayan tashar nan aka binne cibiyata. Nemi wani baƙon."

Mai unguwa mutum ne mai son sulhu. Ya ce, "Koci, abin ba mai tsawo ba ne. Ka ce Malam Buba ya yi haƙuri, laifinka ne, shi ke nan a tashi."

"Ranka ya daɗe, na yi latti, wannan na ɗauka, zan kuma faɗa wa yarinyar da bakina. Amma in ce ni na karya ta, ba zan faɗa ba."

"To wa ya karya ta?"

"Shi ma ba zan faɗa ba."

"Kai dai Dogo, tsawonka har ya shiga kanka."

"Haka aka ce, ranka ya daɗe."

Da yamma Shafa'atu ta tare shi da matsamin suya a hannu. "Ni fa na gani. In ba za ka faɗa ba, ni zan faɗa."

Ya ce, "Yarinya ta rasa gwiwa. So kike ta rasa uba ma?"

Shafa'atu ta koma kan kaskonta. Ita ma shekara goma sha ɗaya ta yi da maganar a ciki.

Abin da ya biyo baya ba daɗi. 'Yan mata ashirin da biyu ne a filin, cikin mako guda suka koma uku. Wasu manoma suka daina kwashe shanya da la'asar, don su ga abin da zai yi. Ya riƙa kwashe musu da kansa, ya zuba a buhu, ya ɗaure, ya jingine a gindin dalbejiya, ko ƙwaya ba ta ɓata ba, sannan ya busa usur. Wani ya zo ya ajiye tarakta a tsakiyar fili ya tafi da makulli. Kwana tara tana nan. Koci ya ce wa 'yan matansa uku, "Ga mai tsaron baya an kawo mana kyauta. Wadda ta iya kewaye wannan, ba wanda zai tare ta a Katsina." Ranar da mai taraktar ya zo ɗauka, Ladidi, ƙaramar cikinsu, ta ce masa, "Baba, ka bar mana ita zuwa Juma'a mana, ba mu gama da ita ba."

Kai ne, Koci, da aka ce ka koma inda ka fito, ka ce ai nan ne. Kai ne ka je ƙofar gidan Buba sau bakwai duba yarinya ana ce maka tana barci, ka koma na takwas. An ba ka hanya mai sauƙi har biyu, ka yi ƙarya a kanka ko ka faɗi gaskiya a kan wani, ka ƙi duka biyun, ka ɗauki tsintsiya. Dogo na Nwamaka, gagara tanƙwasa.

Bayan shekara biyu Zaituna ta dawo filin tana ɗingishi, ta zauna a benci. Koci ya cire usur daga wuyansa ya miƙa mata ya ce ta yi musu alƙalanci. Mutane suka yi ta mamakin yadda Buba bai hana ta ba. Daga baya ta je Zariya ta yi kwas na horarwa. 'Yan mata suka riƙa dawowa ɗaya-ɗaya, iyaye na cewa ai don Zaituna ne, ba don shi ba. Koci bai damu da don wa ba. Sau biyu suka je Katsina suka ɗauko kofin jiha. Ladidin nan da ta ce a bar musu tarakta, yanzu a Legas take wasa.

Mun gode, Koci. Mun gode da sharar shekara ashirin da shida, da 'ya'yanmu da ka miƙar, da shirun da ka yi mana alhali ba mu cancanta ba. Masu riƙe da 'ya'yan mutane, a aji ne ko a gareji ko a fili, ga abin koyi: ku taka wurin da ƙafarku kafin ku ce yaro ya taka.

Ranar Asabar da ta wuce Koci ya ajiye aiki, ya miƙa wa Zaituna filin. An shirya ɗan taro bayan la'asar. Da ya iso da tsintsiyarsa, sai ya tarar wani ya riga shi. Tsoho ne, ya naɗe ƙafar wando, takalmansa na ajiye a bakin siminti, yana shara yana taka wurin da tafin ƙafa. Malam Buba ne.

Koci ya ce, "Malam Buba, aikina ne fa."

"Yau dai bar mini."

Ya share har kusurwar ƙarshe. Jama'a sun cika, mai unguwa na zaune, Zaituna na tsaye da usur a wuya. Aka miƙa wa Buba lasifika, ya ture ta. Koci ya gane abin da ke tafe, ya matso ya ce a hankali, "Ba sai ka faɗa ba. Ya wuce."

"A wurinka ya wuce."

Buba ya juya ya fuskanci mutane, ya ɗaga murya yadda har Shafa'atu ta ji daga gindin dalbejiya.

"Jama'a, waken suya ne ya kayar da Zaituna, kuma nawa ne. Ni na shanya shi a nan. Mutumin nan ya gani, ya haɗiye, ni kuma na kai shi ƙara, na kira shi baƙo. Zaituna, 'yata, ni ne. Hayasin, ɗan garinmu, a gaban mutane na ɓata maka suna, a gabansu nake roƙonka. Na zalunce ka. Don Allah ka yafe mini."