Nevena da Cakulan ɗin Masu Yankan Katako

Nevena ta tsufa tana duba lafiyar aiki a masana'antar katako ta garinmu, kuma har gobe ba a yi mai sa ido irinta ba. Mijinta Lozan shi ke kan babban zarto. Tsoronta ɗaya ne a duniya, kada wata rana a kawo mata shi da guntun hannu.

Da kamfani ya mayar da duba injuna cikin waya, ita aka ba shirya tambayoyin da ma'aikata za su riƙa amsawa. Ta tsara yadda duk wanda ya danna cewa hatsari ya kusa faruwa, nan take saƙo zai shigo mata. Wata ya wuce wayar ko tari ba ta yi ba. Mazanmu ke nan, gara yatsa ya fita da a ce namiji ya kai ƙarar inji.

Amma akwai al'adar da ba sa wasa da ita. A nan Bulgeriya duk wanda ya tsallake rijiya da baya, washegari sai ya raba cakulan. Nevena ta lura kwalayen cakulan sun yi yawa a ɗakin cin abinci, alhali babu biki babu haihuwa.

"Baba Stoyko, wannan na mene ne?" ta tambayi tsohon direban motar gungume.

"Na lafiya ne, 'yata. Ci mana!"

"Lafiyar wa? Me ya kusa faɗo maka?"

"Kai, wannan mata! Gungume ne kawai ya gaishe ni a kafaɗa."

Ranar ta ƙara tambaya guda a wayar: yau wa ya raba cakulan? Wannan kam kowa na rige-rigen amsawa, don ba a ɓoye mai kyauta. Da suna ya shigo, sai ga Nevena a gaban injinsa, tana tauna cakulan ɗinsa tana tuhumarsa. Aka yi ta gyara, ana zaginta ana dariya.

Wata safiya tana saka wa Lozan burodi da cuku, hannunta ya taɓa kwalin cakulan a ƙasan jakarsa. Ta zaro shi.

"Lozan, na wa ne?"

"Naki ne mana, uwargida."

"Rabonka da saya mini cakulan tun muna neman aure. Zarton ne?"

Ya sosa ƙeya. Ashe jiya bakin zarton ya yi tsalle, ya tafi da hannun rigarsa. Nevena ta yi kukanta, ta share ido, ta riga shi isa wurin aiki ta sa aka kashe injin. Masu gyara suka tarar bakin ya tsage.

Yanzu duk sun yi ritaya. Lozan na zaune a tsakar gida yana ɓare gasasshen tattasai, yana mitar wai ya auri 'yar sanda. Ita kuwa in ya miƙo mata kwano, takan riƙe hannun ta ɗan jima tana kallon yatsunsa.