Baba Bashir da Golan da Ba a Gani

Duk wanda ya taɓa zuwa filin ƙwallon nan na Abbasiya a Alƙahira ranar Juma'a bayan la'asar ya san Baba Bashir ba ya fara sharhin wasa sai ya gaida ragar da ke jikin katanga. Zai tako cikin farar jallabiyarsa, waya a hannu, ya tsaya gaban raga babu kowa a ciki, ya yi sallama. Sannan ya karkata kunne yana jiran amsa. Wata rana ya gyaɗa kai ya ce "tamam", wato madalla, ya juyo. Wata rana ya juyo fuska a murtuke, ko ka gaishe shi ba zai kula ka ba. Ranar da na fara gani ina sabon zuwa daga Zariya, sai da na tambayi na kusa da ni ko tsohon nan lafiyarsa ƙalau.

Sababbin cikinku ba su riske shi da ƙarfinsa ba, bari in gaya muku. Bahaushen Sudan ne, mai gadin wani bene a unguwar Mohandessin. Mu kuma ɗaliban Shari'a da ɗaliban Luga, wato masu karatun harshen Larabci, mun gaji gabar ƙwallon da babu wanda ya san mafarinta. Baba ne ke watsa wasanmu kai tsaye ta wayarsa, murya kawai, iyaye a Kano da Gusau da Maraɗi suna saurare.

Kafin zuwana an yi wani golan Luga, Habibu, ɗan Gusau. Wata Juma'a aka zura masa huɗu a ragar nan ta katanga. Baba a lokacin magoyin bayan Shari'a ne na a-mutu, sai daɗi ya kwashe shi ya ce a waya, "Wannan ba gola ba ne, kwando ne marar gindi. A mayar da shi gida ya tsare wa uwarsa kaji." Fili ya yi ta dariya. Kafin wata Juma'ar ta zagayo zazzaɓi ya kwantar da Habibu, aka binne shi a nan Alƙahira. Baba bai samu ya roƙe shi gafara ba, kuma ya san mahaifiyar yaron tana cikin masu saurare ranar. Tun daga nan ba shi da wani tsoro a duniya sai na ya mutu da haƙƙin nan a wuyansa. Ya rantse ba zai sake fifita wani a kan wani ba a sharhi, mu kuma muka sha wahalar rantsuwar.

Ƙwallon dabino yake tarawa. Ya yabi Shari'a, ɗaya ya shiga aljihun dama. Ya yabi Luga, ɗaya a hagu. Ba ya kashe waya sai aljihun biyu sun zo daidai. Kun tuna ranar da muka yi musu shida babu ko ɗaya? Ni ne kyaftin, ni na ci uku, ina jira gida su ji sunana. Aka hura tashi, Baba ya lalubi aljihu ya ga hagu a bushe. Sai ya gyara murya.

"Masu saurare, ku ga safar 'yan Luga, fara tas, babu wanda ya wanke musu. Ku ga ladabin da golansu ke ɗauko ƙwallo daga raga, sau shida bai zagi kowa ba."

Na ce, "Baba, mu da muka ci fa?"

Ya rufe bakin wayar da tafin hannu. "Ya zol, bawan Allah, kun ci shida, me kuma kake so? Ka bar musu safa."

Har aka kira magariba yana yabon igiyar takalminsu. Wallahi ranar da haushi na ci abinci.

Abinci ma haka. Wata rana muka sayo masa koshari, shinkafa da taliyar nan ta Masar, don mu ɗan saye zuciyarsa. Ya karɓa, ya tsallaka wajen 'yan Luga ya ce su ma su kawo nasu, in ba haka ba ya ci rashawa. Suka haɗa suka sayo. Ya zauna a tsakiyar fili da roba biyu, cokali nan cokali can, yana nishi, don mutumin ko rabin ɗaya ba ya cinyewa. Da na ce ya bari haka kada cikinsa ya fashe, sai ya ce saura cokali biyu na Luga.

Duk wannan abin dariya ne. Wanda ba ma yi wa dariya shi ne sunan Habibu. A kowane wasa, ana tsakiyar gumurzu, sai muryar Baba ta yi ƙasa ya ce, "Habibu yana nan a wurinsa, ya tsaya da kyau." Sai ya ci gaba kamar bai ce komai ba. Ƙwallon dabinon wannan yabon ba ya shiga dama ko hagu, a aljihun ƙirji yake sa shi. Golan da duk ya tsaya a ragar nan zai gaya maka wurin ya fi ko'ina sanyi, ko a tsakiyar zafin Masar. Ni na ce inuwar katanga ce, har gobe ma haka nake cewa idan da mutane.

Sai ranar wasan ƙarshe na bara. Ɗaya da ɗaya muke, saura kiris a tashi, aka ba mu fenariti a ragar katanga. Na ajiye ƙwallo. Golansu ya faɗi dama tun kafin in buga, na tura ta hagu a hankali, raga a wangale. Tsofaffin cikinku kuna wurin, kun gani. Ƙwallon tana tafiya, tana zuwa kan layi ta tsaya cak kamar an dafa ta da hannu. Babu rami a wurin, babu iska. Filin ya yi tsit, har ana jin ƙarar motocin bas a titi. A cikin shirun nan muryar Baba ta fito a sanyaye.

"Habibu ya tare."

Luga suka ci mu a bugun raba gardama. Na nufi Baba, rabi fushi rabi tsoro.

"Baba, wannan wane irin adalci ne? Mutum goma sha biyu suka sa mana."

"Ma'alish, yi haƙuri ɗana. Ni abin da na gani na faɗa."

"To in har yana tare maka ƙwallo, ai ya yafe. Khalas, shi ke nan, ka huta mu ma mu huta."

Ya girgiza kai. Ya ce ƙwallo Luga ya tare wa, ba shi ba. Ya ce sallamar nan da yake yi, bai taɓa jin an amsa ba, "tamam" ɗin ma ƙarfin hali ne kawai. Sannan ya zaro wata takarda da ta yi laushi don ninki, lambar mahaifiyar Habibu ce. Shekara da shekaru tana jikinsa bai kira ba.

Na ce, "Yalla, maza kawo in kira maka yanzu."

Ya fizge abarsa. "In ta ce ba ta yafe ba fa? Yanzu ko ba komai ina da wataƙila."

Na yi masa faɗa, na ce wannan taurin kai ne ba tsoron Allah ba. Ya ce yaron da ya kasa cin raga a buɗe ba zai koya masa jarumta ba. Wata biyu ba ma magana, kuma har yau ina jin ciwon wata biyun nan.

Da wani ciwon ƙirji ya kwantar da shi na je duba shi a ɗan ɗakinsa na ƙarƙashin bene. Ya rame, amma bakin yana nan. Ya tambaye ni wa ya ci Juma'a, na ce mu, ya ce to Allah ya ba Luga haƙuri. Da zan tafi ya danƙa mini takardar. Ya ce kada in kira a gabansa, in aika mata saƙon murya in faɗi maganar yadda ya faɗe ta, kada in rage ko kalma ɗaya, har kajin. Na aika a bakin ƙofarsa. Wayarta a kashe. Kwana uku ina dubawa, shi kuma duk shigowata sai ya kalli hannuna, ni kuma in kalli ƙasa. Ranar Talata da hantsi ya cika.

Mun dawo daga maƙabarta ke nan, ƙafafunmu duk ƙasa, muna tsaye a tashar metro muna jiran jirgin ƙasa, sai wayata ta yi ƙara. Saƙon murya daga Gusau. Muryar tsohuwa ce, ana jin awaki a bayanta, kuma ba ta san an yi rasuwa ba.

Ta ce, "Ɗan nan, ka yi haƙuri, wayar ce ta lalace sai yau aka gyaro. Ka gaya wa Malam Bashir na ji maganar nan tun ranar da ya yi ta, kuma dariya na yi. Ai gaskiya ya faɗa, Habibu ko kajin ma a gabansa shaho ke ɗauka. Shi ma da ya kira ni washegari dariya yake, yana kwaikwayon muryar Malam. Ban ga abin yafewa ba, amma tunda ya roƙa, na yafe duniya da lahira." Sai ta ƙara da cewa, "Ka ce masa ya kwantar da hankalinsa. Ɗazu da hantsi barci ya ɗan ɗauke ni, na ga Habibu yana ta share tsakar gida yana shimfiɗa tabarma. Na ce wa za ka tara haka? Ya ce Inna, baƙo gare ni daga Masar, ga shi nan ya iso."

Jirgi ya zo ya tafi, babu wanda ya shiga cikinmu. Kyaftin ɗin Luga ne ya fara zama a ƙasa, ni na bi shi, na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Allah ka ji, uwar yaro ta yafe, mu shaida ne, Shari'a da Luga. Ka isar masa da abin da ban samu na kai masa ba. Ka jiƙan Baba Bashir, ka jiƙan Habibu, ka yalwata musu makwanci, ka sa sun huta su duka biyun. Amin.