Malamar da Ta Zaunar da Ni a Bakin Titi

Ƙarfe bakwai saura kwata take isowa, daga ita sai mai gadin ginin. Takan hau bene a hankali saboda gwiwarta ta hagu, ta buɗe tagogin aji, ta goge allo da kanta, sannan ta zauna duba rubutun ɗalibai da fensir. Ba ta taɓa jan biro. Ta ce jan biro yana sa mutum ya bar karanta gyara ya koma ƙirga kurakuransa. Shekara ashirin da uku ke nan, duk dogon hutu, abokan aikinta na jami'a suna hutawa, ita tana koyar da ilimin zamantakewa da dabarun bincike a makarantar mako takwas da ke shirya masu neman digiri na biyu. Bana ta ce ya isa haka.

Malama Wa-ya-faɗa muke ce mata a bayan idonta, ko da yake ta sani. Kana cewa "mutane sun fi son kaza" za ta ɗago kai ta saman tabarau: "Wa ya faɗa? Mutum nawa ka tambaya?" Yawancinmu mun girma, akwai malaman firamare, masu jinya, ma'aikatan ofis da suka manta yadda ake zama a aji. Wata mai jinya ta shaida mini cewa sau bakwai Malama ta karanta mata shafi ɗaya ba tare da ta ɗaure fuska ba.

Ni kuwa abin da zan ba da shaida a kansa abin kunyata ne.

Ina ma'aikacin ofis a lokacin. Aikin da na zaɓa shi ne in tattauna da mata talatin masu sharar titi, in gano abin da ke sa su barin aikin. Da wannan binciken da wasiƙar shaida daga hannun Malama ake neman gurbin karatu. Sai mahaifina ya kwanta asibiti. Mata shida kawai na samu na gani. Sauran takardun tambayoyi ashirin da huɗu a kan teburin ɗakina na cike su, ina ta canza salon rubutu.

Washegarin da na miƙa, ta ce in tsaya bayan an tashi. Ta shimfiɗa takardun a kan tebur.

"Ɗana, wace mai shara ce ta ce maka 'rashin ingantaccen yanayin aiki'?"

Ta ɗora yatsa a kan takardun, ta ci gaba.

"Har mutum goma sha ɗaya suka faɗa, kalma ba ta sauya ba. Ashe duk makaranta ɗaya suka yi da kai."

Na so in yi dariya, hawaye suka riga ta. Na faɗa mata komai. Dokar makarantar a fili take: kora, kuma a rubuta dalili. Saura kwana goma a rufe karɓar takardun neman gurbi.

Ta fara da tambayar jikin mahaifina. Sannan ta ce, "Zan gaya wa shugaban makaranta da bakina, in roƙe shi kwana tara. Gobe ƙarfe shida ka same ni a mahaɗar titin kusa da tashar mota. Ka zo da sababbin takardu."

Kwana tara muka yi. Mace mai shekara sittin da ciwon gwiwa tana bin titi da sassafe. Ba ta yi wa matan tambaya ko ɗaya a madadina ba. Takan gaida matar, ta ce, "'Yar'uwa, ɗalibina ne, yana neman ilimi a wurinki," sai ta zauna a kan dakali ta bar ni. Rana ta farko ina tsaye da takarda a hannu, ta ja rigata. "Zauna. Ba a tambayar mutum daga sama."

Da na zauna a bakin titin na ji abin da ban taɓa kawowa a raina ba. Wata dattijuwa ta jingine tsintsiyarta ta ce, "Malam, awa shida muke yi a kan titin nan babu bayan gida. Tun asuba ba na shan ruwa. Wadda jikinta bai jure ba sai ta bari." Mata goma sha tara suka faɗi irin wannan, kowacce da nata lafazin. A takarduna na ƙarya babu inda maganar ta fito.

A wasiƙar shaidar Malama ba ta ɓoye komai ba. Ta rubuta cewa sau biyu na yi aikin, na farko ba bisa gaskiya ba, na biyu a gaban idonta. Na tabbata na rasa gurbin. Aka ɗauke ni. Mahaifina ya warke har ya ga ranar da na gama.

Ke ce, Malama, kika iya riƙe gaskiya da mutum a lokaci guda, ba ki saki ko ɗaya ba. Ba ki rufa mini asiri da ƙarya ba, ba ki kuma yar da ni ba.

Makon jiya na je na gaya mata zan yi wannan rubutun. Tana kwashe littattafanta cikin kwali, ba ta ko juyo ba.

"Ka bar zancen gwiwata," ta ce. "Kuma ka rubuta cewa ka yi kuka."

Na cika ɗaya, na saɓa ɗaya, ki yafe mini.

Mun gode, Malama, ni da duk waɗanda suka hau benen nan. Allah ya ba ki lafiya da hutu mai daɗi. Ku kuma da ke riƙe da alli ko wani ofis, ranar da wani ya yi kuskure a hannunku, kafin ku ɗauko takardar kora, ku tambayi kanku ko kuna da kwana tara da za ku iya ba shi.