Sharar da Idi Ɗan Dije Ya Yi a Soja

Ku matso ku ara mini kunne, masu karatu da waɗanda ake karanta wa irina. Ba tatsuniya na kawo ba, ko da yake da bakin tatsuniya na saba magana. Ban yi lakkwal ba, wato makarantar boko. 'Yata Balki ke riƙe da alƙalami, na kuma hana ta gyara mini ko kalma ɗaya.

Bana damina goma sha ɗaya ke nan da aka kai Dije makwancinta, a ƙauyenmu kusa da Matankari. Ƙawata ce tun muna 'yan mata, danga ɗaya ta raba gidajen aurenmu. Komai nata ya ɗara nawa kaɗan. Furarta ta fi laushi, akuyarta tagwaye take haifa, ko gyale iri ɗaya muka saya ita yake yi wa kyau. Ina son ta, ina jin zafinta, duka biyun a ciki ɗaya.

'Ya'yanmu na fari tare suka tafi Dosso neman shiga soja: nata Idi, da nawa wanda bakina ba ya kiran sunansa. Aka auna ƙirji, aka ɗauki nata. Nawa ya dawo da jakarsa da ƙullin garin da na yi masa, bai ko kwance ba.

Shekara ta kewayo, sai ga takarda daga Idi. Da ajami ya rubuta, don allo kaɗai ya yi. Liman ya karanta a ƙofar gida, mata muna bayan danga. Gaisuwa, gaisuwa, sai muka ji: "Ina sanar da ku an sa ni a shara." Wata ta ƙyalƙyale da dariya. Dije ta sunkuyar da kai.

Ku da kuka tashi yanzu ba ku san nauyin ɗan fari ba. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ba ta kare shi a gaban mutane, ba ta ko tambayar labarinsa. Washegari Dije ta miƙo mini takardar ta saman danga, ta ce, "Ƙawa, kin san bakina ba ya iya tambaya a kan wancan. Tafi wurin Mushe, shi ya san maganar soji."

Mushe, malamin lakkwal, shi ma ya taɓa allo. Ya duba, ya sake dubawa, ya yi murmushi.

"Inna, wa ya ce shara? Babu wasali a ƙarshen nan, liman ne ya ƙara. Shar ce, da Faransanci. Motar yaƙi ta ƙarfe, mai igwa a ka." Ya zana mini a ƙasa da kara, ga dogon hanci. "Ba kowane soja ake ba ta ba. Ki ce da uwar yaron ta gode Allah."

Daga lakkwal zuwa gida ba nisa, amma ranar na daɗe a hanya. Na tarar da nawa zaune yana gyaran ƙotar hauya. Dije na jirana, hannunta duk dusa.

Na ce, "Shara ce, Dije. Ki yi haƙuri, aiki ai aiki ne."

Damina biyu Idi bai zo gida ba, an kai su arewa mai nisa. A cikin damina biyun nan sunansa ya koma Idi Tsintsiya. A bakin rijiya sai ka ji, "Uwar sarkin tsintsiya, in ya zo a aiko mana shi, tsakar gidana ta yi kaca-kaca!" Dije ta daina zuwa kasuwar Matankari, ni take ba daddawarta in sayar mata. Ina ɗauka, ina kawo mata cinikin, ina kuma barci lafiya lau. Wannan shi ne abin da na fi jin kunyar faɗa.

Sai wata rana da hantsi ƙasa ta ɗauki rawa. Kaji suka watse, jakin makwabci ya tsinke igiya. Soji ne ke wucewa ta hanyar rairayi, ɗaya daga cikin motocin ta ratse ta tsaya gindin gawo. Kamar rumbu aka yi da ƙarfe aka ɗora bisa taya, ba taga, ba ƙofar da ido ke gani, sai hancin nan da Mushe ya zana. Murfi ya buɗe daga sama, Idi ya fito. Ya ratsa mutane ya durƙusa gaban Dije. Ta kau da fuska kamar yadda aka sani, ta ce, "An zo lafiya?" Amma ni da ke kusa na ga tana satar kallonsa.

Dattawa suka zaunar da shi, ni ina saurare ta bayan danga. Ya ce a babban yaƙin Nasara na fari aka ƙirƙiro ta, lokacin da soji suka haƙa ramuka suka shige, duk wanda ya ɗaga kai harsashi ya same shi. Sai wasu suka dubi motar noma mai tafiya bisa sarƙa, suka lulluɓe irinta da ƙarfe. "Tamu wagga mai taya ce, ƙanwar waccan," in ji shi. "Ciki kuwa zafi kamar tanda, ta 'yar tsaga kake ganin duniya." Ya ce da ana ƙera ta an ɓoye wa abokan gaba, aka ce tankin ruwa ne, shi ya sa 'yan'uwanmu na hayin Kebbi ke ce mata tanka.

Wani tsoho ya ce, "Ashe tun ranar suna aka fara yi mata ƙarya!" Kowa ya yi dariya.

Na jira Dije ta tambaye ni. Shekara ashirin da ɗoriya na jira. Ta ci gaba da miƙo mini fura ta saman danga, ta yi wa Balki kitson aure, ta kwana kaina da na yi jinya. Sai ranar sadakar arba'in ɗin Dije matar Mushe ta ja ni gefe. Ta ce tun satin da na je lakkwal ta gamu da Dije tana yi mata barka da shar. Dije ta riƙe hannunta ta ce, "Kar ki faɗa wa kowa. In aka ji, da wace fuska ƙawata za ta fita?"

Yau motocin nan ba baƙi ba ne. Suna wucewa ta Dogon Dutsi su yi arewa, yara ba sa ko daina wasa. Mutanen wasu ƙauyuka sun bar gonakinsu sun dawo gari saboda tashin hankali. An nuna mini a waya wani ɗan jirgi, bai fi zabuwa ba, babu kowa a ciki, ya sauka kan irin motar ta kama da wuta. Da Dije na nan, na san ba ƙarfen za ta kalla ba. Za ta ce, "Ɗan wa ke ciki?" Ni kuwa da na gani, abin da ya fara zo mini shi ne Idi ya fita soja lafiya, ko a nan ma ta yi sa'a. Kun ji halina, bai bar ni ba.

Liman ya rasu bai san wasalinsa ya yi ɓarna ba. Mushe ya koma Tibiri, idonsa ya tafi. Nawa yana nan yana noma, gero ba ya yanke mana, kullum a gida yake kwana. Idi ya yi ritaya yana gyaran injin niƙa a Dogon Dutsi, kunnensa ɗaya ba ya ji saboda ƙarar igwa. Duk sallah yakan kawo mini turmin zane, ya durƙusa ya ce, "Inna, ke ce kika rage mini." Bai sani ba. Balki za ta kai masa jaridar da labarin nan zai fito a ciki ta karanta masa ta kunnen da ke ji.

Dije kuwa ta tafi da abin da ban taɓa samu ba. Da ina kishin furarta da akuyarta da ɗanta, yanzu shirunta nake kishi. Motar suke kira tanka, amma ita damina biyu ana yi mata dariya da gaskiya a bakinta, saboda ni, ba ta tanka ba.