Makamin da Na Shigo da Shi Gida

A gidanmu na unguwar Al Muraqqabat, nan ƙasar Larabawa inda muke zaune, kowa ya san idan na ce mutum ɗari, to uku ne. Baba yakan ce a raba maganar auta gida goma, a ɗauki ɗaya, ita ma a wanke ta. Ban taɓa jin haushi ba, tunda ana dariya.

Shekarar da nake aji huɗu na sakandare, yayana ya samu kira zuwa Kaduna, wajen tantance masu son shiga makarantar hafsoshi. Matuƙin jirgin yaƙi yake so ya zama tun muna ƙanana. Jirage suna wucewa ta saman yankinmu na Deira kamar ƙudaje, shi kuwa daga ƙara kawai yake gane irin kowanne. Sau biyu yana nema bai samu ba, kuma shekarunsa sun zo iyaka. Ya yi wata shida yana lallashin Mama, yana wanke-wanke ba a sa shi ba, kafin ta ce ya je, Allah ya tsare. Baba ya sayi tikiti. Saura kwana tara.

Sai makarantarmu ta kwashe mu a bas zuwa baje kolin jiragen sama, can gaba da tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali inda Baba yake gyaran injinan ɗaga kwantena. Ni alƙalami da jaka na kyauta na je tarawa. A rumfar 'yan China na ga wani farin abu siriri, dogo, an kwantar da shi kamar falwayar lantarki. Wani mutum mai kwat ya yi mana bayani. Makami mai linzami ne, jirgi ke harba wa jirgi. Yana da na'urar gano abu a hancinsa, injinsa yana tashi sau biyu, ɗaya lokacin harbawa, ɗaya in ya kusa isa. Nisansa kuma, in ji shi, kamar daga nan zuwa Abu Dhabi. Na ce yau na samu labari.

Ranar Lahadi bayan coci, Mama tana kwashe tuwo, na fara.

“Yaya, na ga abokin aikinka. Kana Kaduna kana shan koko a cikin jirgi, wani a Kano zai danna maɓalli ya tafi kasuwa. Makamin zai taso, ya tsaya a Zariya ya sha ruwa, ya tambayi hanya, ya zo ya ƙwanƙwasa maka gilashi.”

Baba ya ƙware da dariya. Yaya ya ce, “Ke dai bakinki ko rediyo.”

Na ƙara wuta. Na ce in ka yi kwana zai yi kwana, in ka sauka ka hau jirgin ƙasa na metro zai jira ka a tashar Al Rigga. Ina tsaye ina kwaikwayon makamin da ludayi, sai na lura Mama ta ajiye mara.

“Auta, shi wanda ake harbi, yana ganin mai harbinsa?”

Na ce, “A'a, Mama. Ai abin burgewar ke nan.”

“To da wa zai yi faɗan?”

Ashe ita duk zatonta faɗan jirage kamar na fim ne, ana ganin juna, mai zafin nama ya kauce. Ta san ɗanta da zafin nama, shi ya sa ta yarda. Ta rufe kular tuwo ta ce, “Khalas, shi ke nan. Na janye yardata.”

Na yi zaton zuwa yamma zai wuce. Bai wuce ba. Washegari na same ta tana ninke kaya, na ce, “Mama, ƙarya na yi. Kin san ni fa. Raba gida goma.”

“Na raba. Ɗayan da ya rage ne ya hana ni barci.”

Na ɗauko waya don in nuna mata na yi ƙari, kuma nan na ƙarasa ɓata komai. Muka karanta tare. Babu Zariya, babu ƙwanƙwasa gilashi, amma sauran duk yana nan. Har da abin da ban sani ba, wai wani jirgi can baya yana iya nuna wa makamin hanya, kuma 'yan Chinan suna kan ƙera wanda ya fi wannan nisa. Tunda nake ban taɓa neman a kama ni da ƙarya na rasa ba sai ranar.

Baba ya gwada nasa. Ya ce sojojin samanmu na can gida da 'yan bindigar daji suke fama, su kuwa ko jirgin takarda ba su da shi.

Mama ta ce, “Yau ke nan. Wanda ya kawo abu baje koli, sayarwa ya zo yi. Ka san wanda zai saya gobe?”

Yaya ya yi mata bayanin yadda jirgi ke jin an sa shi a gaba, da dabarun ruɗa makami. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, “Ka yi mini alkawari za ka gan shi kafin ya iso.” Yaya ba ya ƙarya, wannan aikina ne. Bai yi alkawarin ba.

Ba ta ɓoye fasfo ba, ba ta yi kuka ba. Da safen tafiya ita da kanta ta ɗora fasfo da tikiti a kan tebur, kusa da fulas ɗin shayi. Ta ce, “Ga su nan, ƙofa a buɗe take. Kai babba ne. Amma bakina ba zai ce ka je ba.”

A gidanmu ko Port Saeed da ke nan kusa za ka, sai ka durƙusa Mama ta ɗora maka hannu a ka. Yaya ya sa takalmi, ya jawo jaka, ya durƙusa a gabanta. Hannayenta suna kan cinyarta, ba su motsa ba. Baba ya ce, “Yalla, lokaci,” sau biyu, sannan ya daina. Ni ina bakin taga ina neman abin da zan faɗa, ni da ban taɓa rasa magana ba. Na ƙirga jirage goma sha ɗaya sun wuce, kuma wannan lissafin ban ƙara masa ko ɗaya ba. Daga nan Yaya ya miƙe ya cire takalminsa.

Yanzu a wani sito yake aiki a Jebel Ali, yana duba kwalaye, yawancinsu daga China. Bai taɓa yi mini faɗa ba. Na so ya yi. Kwanaki na tare shi a ƙofa ya dawo daga aiki, na ce ya zage ni ko sau ɗaya ne, in huta.

Ya miƙo mini ledar burodin da Mama ta aike shi ya ce, “A kan me, auta? Ai ba ki yi ƙarya ba.”